Ƙauyen masu kuɗi a gefen Manchesta

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Don Allah a bani fili in ɗan yi magana kan wani ƙauye a Ingila mai suna Alderley Edge, a yankin Cheshire kudu da Manchesta, saboda samarin mu masu kallon ƙwallo kullum suna jin ana cewa 'yan wasa a can suke zama, shi kansa David Beckham ya zauna a wajen lokacin yana Man United.

Mutanen garin basu kai 5,000 ba a ƙidayar 2011, mafi yawa Turawa ne kuma akwai tsofaffi sosai, amma motocin da zaka gani a bakin titi sai ka riƙe baki. Asalin arziƙin ma jirgin ƙasa ne ya kawo shi, tunda aka buɗe layin dogo a 1842 attajiran auduga na Manchesta suka fara gina manyan gidaje a can suna gudun hayaƙin masana'antu, har kamfanin jirgin yana bada tikitin kyauta ga wanda ya gina babban gida kusa da tasha. Har yau ana zirga-zirgar nan, da safe a hau jirgi kamar minti 30 an shiga birni, da yamma a dawo.

Abin da ke damu na shine masu shara da masu kula da tsofaffin nan da ma'aikatan gidajen abinci, yawancinsu ba za su iya kama haya a garin ba ko ɗaki ɗaya, daga wasu unguwanni suke zuwa kullum kuɗin mota na cin albashin. Ya kamata wakilinku ya je ya ji ta bakinsu.

Naku,
Wani mai karatu, Manchesta