A kawo na'urar auna ruwan sama gonakin Gadarif

Malam Edita, assalamu alaikum, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Ni manomin riɗi ne da dawa a yankin Gadarif nan Sudan, kakanninmu da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa kan hanyar hajji suka zauna. Abin da ke damuna shi ne maganar na'urorin auna yanayi masu aiki da kansu ba sai mutum ya tsaya a kai ba, kullum in ana zancensu sai ka ji birane ake nufi da filin jirgi, to mu fa da abincinmu ke rataye da damina?

Na ga irin na'urar nan da idona, wallahi ba wani abu ba ne mai girma. Ƙarfe ne a tsaye da ɗan sola a samansa, ga wasu kofuna suna juyawa suna auna iska, ga mazurari da ruwan sama ke bi ya zuba cikin wani ɗan cokali mai baki biyu, duk sanda ya cika ya tuntsire an ƙirga milimita 0.2 kenan, sai layin waya da ke ciki ya tura lissafin. Har danshin ƙasa wasu na aunawa.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane ba. Baƙar laka ce, da rani takan tsage har ƙafar yaro ta shige, ruwan farko duk cikin tsagar yake tafiya, sama ta jiƙe ƙasan kuwa a bushe. Wata shekara aka yi ruwa mai yawa cikin gari muka ɗauka gona ma haka ne, muka yi hayar tarakta muka zuba iri, ashe can yayyafi kawai aka yi, irin ya tsiro ya ƙone, ga bashin gas a wuyanmu. Baba har ya rasu yana maganar shekarar nan. Da akwai na'ura kusa da gonar da mun jira ko kwana goma ne.

Riɗi kuma ba ya haƙuri, in an yanka an jingine dammuna a watan Oktoba iska ɗaya ko ruwan bazata sai ka tarar da shi a ƙasa tururuwa na ɗiba.

Na san tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kowa ta kansa yake, amma dai noma bai tsaya ba, kuma mutanen da suka gudo daga Khartum da jihar Jazira hatsin nan suke ci. Roƙona ga hukuma da ƙungiyoyin manoma, a kafa na'urorin a ƙauyuka a ba mai gari amanarsu saboda ɓarayin sola, sannan sakamakon a riƙa faɗa a rediyo da saƙon murya na WhatsApp da Larabci da Hausa, don yawancin dattawanmu ba sa karanta saƙon rubutu. In kuɗi ne matsala mu a ƙauyenmu a shirye muke mu yi karo-karo bayan an sayar da riɗi.

Naku,
wani manomi daga Gadarif