Masu Kukan Awon Igiya, Wa Ya Riƙe Bakin Igiyar?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, shirinku na daren Talata ne ya hana ni barci har na ɗauki biro. Kun sakar wa Alhajin nan na ƙungiyar masu gina gidaje da sayar da filaye makirufo yana ta zuba, ma'aikacinku kuwa ban da "haka ne, ranka ya daɗe" ban ji ya ce komai ba. Wai so yake gwamnati ta hana awon igiya, wato yanka gona a sayar da filaye ba da tsarin hukuma ba, ta shimfiɗa tituna, ta ja ruwan famfo, ta rage kuɗin takardu, su kuma su zo su raya gari. Tambaya ɗaya na yi ta jira a yi masa har aka rufe shirin: lokacin da ake awon igiyar nan, wa ya riƙe bakinta?

Ni dai na san wanda ya riƙe tawa, kuma ba manomi ba ne.

Malamin firamare ne ni. Adashi na yi ta zubawa, maiɗakina ta sayar da 'yan kunnenta ta cika mini, a 2014 na sayi fili hamsin-hamsin a wata gona da aka yanka ta wajen Kumbotso. Ba a gindin bishiya aka yi cinikin ba. Ofis na shiga mai fanka da allon suna a ƙofa, aka ba ni rasit mai hatimi, aka shimfiɗa mini taswira a kan tebur. Ga layi mai faɗin ƙafa 30, ga filin masallaci, ga na makaranta, ga kududdufi can ƙasa an ce an bar shi saboda ruwan damina. Na biya, na biya la'adar dillali, mai unguwa ya sa hannu, na koma gida ina jin na zama mutum.

Kafin in kai ginin linta, layin ya fara ramewa. Wanda ya sayi na bakin hanya aka ƙara masa ƙafa biyar ya ba da wani abu, na gabansa ma haka. Filin makaranta ya haifi gidaje huɗu. Masallacin ne kaɗai ya tsira, shi ma don mun yi sauri mun kafa rumfar kwano mun fara salla a ciki. Sai wata ranar Asabar muka wayi gari tifofi na juye shara da jar ƙasa a kududdufin. Muka je ofis mu tara, yaron da ke wurin ya ce Oga ya tafi Umara. Da Oga ya dawo, kududdufi ya zama fuloti shida, har an zuba harsashi.

Malam Edita, ruwa ba ya karanta taswira. Inda ya saba kwana nan yake nema, da bai samu ba sai ya zo ɗakunanmu. Duk watan Agusta a tsaye muke kwana da bokiti. Katifa biyu na jefar. Shaddar maƙwabcina ta cika ta tumbatsa cikin layi, yarana suka yi sati uku suna zawo. Ranar da ciwon surukata ya tashi da tsakar dare, mai adaidaita sahu ya leƙo bakin layin ya ce ko nawa zan ba shi ba zai shiga ba. A baron 'yan ga-ruwa muka turo tsohuwar nan har bakin titi, tana salati ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Shi ne wani zai zauna a ɗakin watsa shirinku mai sanyi ya ce talakawa ne ba sa son tsari.

Talaka bai taɓa yanka gona ba. Talaka saye yake yi. Mai kuɗin da zai sayi gona sukutum daga hannun magada, ya kawo masu awo, ya buga rasit, shi ne ke yankawa, kuma shi ya san duk ƙafa ɗaya da ya bar wa hanya ko lambatu kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Ban ce Alhajin naku shi ya cuce ni ba, ban san shi ba. Amma sana'arsu ɗaya, kuma da ƙungiyar tasu da gaske take, da ta fara da tsabtace gidanta. Mutum nawa suka kora saboda ya sayar da hanya? Ko ɗaya ya faɗa mana.

Ya yi ta ambaton Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kamar ita ce ta hana su aikin kirki. Dokar nan ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna ne amana, kuma filin cikin birni shi ke da ikon ba da shi. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar abin da ka gina ko ka shuka ake lissafawa. To wa wannan ya fi ci? Ni da nake riƙe da rasit da sa hannun mai unguwa, ko mai takardar shaidar mallaka da lauyoyi? Ranar da za a zo da jan fenti a ce mun zauna a hanyar ruwa, wanda ya sayar mana yana gidansa yana shan shayi. Mun ga rusau na watan Yunin 2023 a Filin Idi, mun ga 'yan kasuwar da suka zuba dukiyarsu suna kuka a titi. Haka ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, kowa a garin nan ya ji ana maganar gini a kan magudanar ruwa. Almajiri ne ya gina? Mai tura baro ne?

Kuma a daina yi mana kamar ba a taɓa tsara Kano ba. Tun 1963 aka zana wa birnin nan tsarin shekara 20, wanda wa'adinsa ya ƙare a 1983. Yau gari ya cinye ƙananan hukumomi takwas, ya tasar wa Dawakin Kudu da Gezawa. Badala da kakanninmu suka gina da hannu, a idonmu aka yi ta gutsurarta. Kududdufan da suke shanye ruwan birni aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cike. Ba rashin zane ne ya kai mu nan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne titunan da ya lissafa wai a gaggauta yi. Na kasa kunne sosai. Duk hanyoyi ne masu zuwa bayan gari inda suka sayi gonaki suka kewaye suna jira. Kwalta na sauka, fili ya ninka kuɗi, da harajina da naka. An gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da titi da fitilu, ka tambayi malamin firamare ko ya taɓa mafarkin ɗaki ɗaya a can. Mu da muka riga muka cika unguwanni, muna sayen ruwa jarka-jarka alhali ga matatar Tamburawa da ta Challawa a ƙaramar hukumarmu ko maƙwabtanta, ko sau ɗaya bai ambace mu ba sai a matsayin matsala.

Gaskiya ɗaya ya faɗa, ba zan hana shi ba: neman takardar fili wahala ne, mai ƙaramin ƙarfi yakan gaji ya bari. A sauƙaƙa, na yarda. Amma a haɗa da sharaɗi: kada a bar kowa ya sayar da fuloti ko ɗaya sai ya fitar da hanya, ya gina lambatu da kwalbati da kuɗinsa, an zo an gani da ido. In ya sayar da filin makaranta, a karɓi nasa a maye. Ku sake gayyato shi ku karanta masa wannan, mu ji ko ƙungiyar za ta sa hannu.

Sannan don Allah, Malam Edita, ku duba tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shiri. Muna zaune da 'ya'yanmu mata ana cin tuwo, sai mutum ya ɓarke da zancen da ko a majalisar samari ba a yi. Dole in rage murya, kafin in ƙaro an wuce rabin magana. Layin wayar taku ma sau 11 na kira a daren, kullum a cike, amma mutum ukun da suka samu shiga duk gaishe da Alhaji suka yi, ɗaya har yana tambayar ko akwai sauran fuloti.

Na gode. A gaishe da ma'aikata.

Naku,
Mai sauraro daga Kumbotso, Kano