Godiya ga Asibitin Dabbobin da ya Fahimtar da Ni Ƙaramin Karen Kiwona

Zuwa ga Likita da duk ma'aikatan asibitin dabbobi da ke duba garkena a nan kwarin tsakiyar Kaliforniya,

Ranki ya daɗe Likita, ina gaishe ki, ina gaida mataimakanki da masu karɓar baƙi, har da saurayin nan da ke riƙe rago in za a yi masa allura. Da Hausa na rubuta wannan wasiƙa don 'yan uwana na Amurka da na gida su karanta, 'yata kuma ta ɗauki alkawarin fassara muku. Yabon gwani ya zama dole.

Ni Bakatsine ne, tumaki nake kiwo a wani fili da na yi haya, kuma yawancin cinikina lokacin layya ne da bikin suna. A gida ba ka rasa yaro ko ƙane da zai tare maka garke. A nan yaro yana makaranta, ɗan ƙodago kuma da awa ake biyansa. Shi ya sa na nemi kare, tun da hadisi ingantacce ya yi rangwame a kan karen kiwo da na farauta da na gadin gona. Wanda na samu shi ne nau'in da ake kira Miniature American Shepherd. Da na kawo muku shi yana kwikwiyo, zuciyata ba ta kwanta ba, don ban ga yadda ɗan abin nan zai juya rago mai ƙaho ba.

Ba ki raina tambayata ba. Kin ajiye aikinki kin faɗa mini asalinsa, kuma asalin ne ya warware mini komai. Kakansa shi ne karen da ake kira Australian Shepherd, wanda duk da sunansa a yammacin Amurka aka raine shi, a wuraren kiwon tumaki da shanu. Ana danganta shi da makiyayan Basque, mutanen tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, waɗanda jikokinsu suna nan a garuruwan Bakersfield da Fresno na Kaliforniya har gobe. A ƙarshen shekarun 1960 wasu masu dawakai a Kaliforniya suka fara zaɓen ƙanana daga cikin karnukan nan suna haɗa su, domin suna son kare mai basirar kiwo wanda zai shiga mota ya bi su wuraren wasan dawakai ba tare da ya cika wuri ba. Wata mai kiwon dawakai a garin Norco, Doris Cordova, tana cikin na farko-farko, tun 1968. A 1980 aka fara yi musu rajista da sunan Miniature Australian Shepherd, sai a watan Yulin 2015 ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, American Kennel Club, ta karɓe su a matsayin nau'i mai zaman kansa a rukunin karnukan kiwo, da sunan da suke amsawa yanzu. Ashe jikin kawai aka rage, jinin kiwon yana nan yadda yake.

Haka kuwa na gani. Namijinsu tsayinsa a kafaɗa inci 14 zuwa 18 ne, macen 13 zuwa 17, nauyi kuma bai cika wuce kilo 9 zuwa 18 ba. Amma a sake shi a fili a ga aiki. Ba ya laɓewa daga nesa yana zura wa tumaki ido, a tsaye yake aikinsa, kusa da garke, yana kewayawa ta baya yana matso da wadda ta ware. In rago ya yi taurin kai sai ya ɗan kai masa cafka a dunduniya ya kauce kafin ƙaho ya iso. Aikin shigar da tumaki shinge da yamma, wanda a da yake cinye mini lokacin magariba, yanzu kafin in gama alwala an gama shi.

Kin kuma gaya mini abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, wato wannan kare ba na zaman banza ba ne. In bai sami aiki ba zai nemo wa kansa, ya tona rami, ya yi ta haushi, ko ya mayar da yaran gida tumaki yana bin dugadugansu. Yana da ɗari-ɗari da baƙo amma ba mafaɗaci ba ne, don haka wanda ke neman karen da zai razana ɓarawo ya nemi wani. Gashinsa ruɓi biyu ne, yana zuba sosai in yanayi ya sauya, sai an riƙa taje shi. Duk wannan kin faɗa tun ranar farko, kuma ban sami ko ɗaya da ya saɓa ba.

Babbar godiyata tana kan maganar magani, kuma ina roƙon duk mai kiwo ya karanta wannan da kyau. Mu makiyaya mun saba da Ivomec. Da shi muke maganin tsutsar ciki da ƙazuwa a tumaki da awaki, a gida ma mutane da yawa suna ɗiba daga kwalba ɗaya su yi wa kare. Ke ce kika tambaye ni, tun kafin in ce komai, wane magani nake ajiyewa a rumbun tumaki. Sannan kika bayyana mini cewa karnukan wannan zuriya da danginsu irin su Collie suna iya gadon wata tawaya a ƙwayar halitta da ake kira MDR1, wadda masu bincike a Jami'ar Jihar Washington suka gano a 2001. A jikin lafiyayyen kare akwai wani sinadari da ke tsaron ƙofar ƙwaƙwalwa yana mayar da irin waɗannan magunguna waje. Mai wannan tawaya ba shi da cikakken tsaron, sai maganin ya taru a ƙwaƙwalwa. Kare ya fara tangaɗi, yawu na zuba, ido ya daina gani, wani ya suma, wani ya mutu. Kusan rabin karnukan Australian Shepherd suna ɗauke da ita.

Gwajin ba wuya. Mataimakiyarki ta goga ɗan burushi a cikin kuncinsa aka aika, sakamako ya dawo cewa nawa yana da ita. Ba ku tsaya a nan ba. Kun rubuta mini jerin magungunan da zan kiyaye, har da maganin gudawa na mutane mai suna Imodium, wanda da ba zan taɓa zarginsa ba. Kun nuna mini cewa ɗan ƙanƙanin awon irin sinadarin Ivomec da ke cikin maganin rigakafin tsutsar zuciya na karnuka na wata-wata ba ya cutarwa, haɗarin yana cikin awon manyan dabbobi. Kun ce in an ɗura wa tumaki magani in ɗaure kare har a share abin da ya zuba, kada kuma ya ci kashinsu a kwanakin. Wannan tambaya guda da kika yi mini game da rumbu, ita ce ta nuna mini kin san rayuwar mai kiwo, ba jikin kare kaɗai ba.

Da wani abokina ya ga launin nawa, mai toka-toka da roɗi-roɗin baƙi, ya yi sha'awar mu haɗa shi da karyarsa mai irin launin mu sayar da 'ya'yan. Kin hana kai tsaye, kin ce in aka haɗa masu roɗi-roɗi biyu, kowane kwikwiyo yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na gadon launin daga ɓangarorin biyu, kuma irin waɗannan da yawa kurame ko makafi ake haifarsu. Maganar ta mutu a nan, ban kuma yi da-na-sani ba.

Sai abin da ya fi taɓa mini zuciya. Da na ce karena ba zai kwana cikin ɗaki ba saboda tsarkin wurin salla, na zaci zan ga sauyin fuska. Ba wanda ya yi mini wa'azi. Tambayarku ita ce ina zai kwana, akwai inuwa, akwai ruwa, don zafin bazarar kwarin nan yakan haura digiri 40. Kuka ba ni shawarar yadda zan gina masa ɗaki mai iska kusa da shinge, kuka kuma nanata cewa kare ne mai son mutane, kada a bar shi shi kaɗai yini guda. Yanzu duk inda na sa ƙafa a gona yana biye da ni.

'Yan uwa masu kiwo a Amurka da ke tunanin ɗaukar irin wannan kare, ku nemi takardar gwajin ido da ƙugu na iyayensa, ku yi gwajin MDR1 kafin kowane magani, ku kuma tuna riƙo ne na shekara 12 zuwa 13.

Likita, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa asibitinku albarka, ya ba ku lafiyar ci gaba da aiki. Sai mun zo rigakafin 'yan raguna.

Naku mai godiya,
Wani makiyayi Bakatsine, mazaunin Kaliforniya