Bakteriya ba ta da mitokondiriya, amma tana da injin wutarta

Assalamu alaikum, Malam Edita.

A shafinku na kimiyya an rubuta cewa bakteriya ba ta da mitokondiriya, wato ɗan sashen da ke samar da kuzari a ƙwayoyin jikin dabbobi da tsirrai, aka tsaya a nan, kamar ba ta da inda take samun kuzari. Akwai saura.

A jikin tantanin da ya lulluɓe ta ake aikin. Idan ta ƙona sukari da iskar oksijin, wasu ƙananan famfuna a tantanin su ke tura furoton, wato haidurojin mai caji, zuwa waje. Waje ya cika, ciki ya ragu, sai bambancin caji ya kai kusan milibolt 150 a bakteriyar hanji mai suna E. coli. Kamar ruwan da aka datse a dam ne. Masanin kimiyya Peter Mitchell ya kawo wannan bayani a 1961, ya sha musu, sai a 1978 aka ba shi kyautar Nobel.

Furoton suna komawa ciki ta injin haɗa ATP, wato sinadarin da ƙwayar halitta ke kashewa a matsayin kuzari, kuma injin juyawa yake yi da gaske, kamar na niƙa. A E. coli zobensa ɓangare 10 ne: furoton 10 su wuce, ya yi zagaye ɗaya, a samu ATP 3.

Da wannan cajin take jawo abinci ma. Wata ƙofa a tantanin mai suna LacY ba ta shigar da sukarin madara sai furoton ɗaya ya raka kowace ƙwaya. Sukarin maltos kuwa ATP ake biya a kansa. Sukarin gulukos ana liƙa masa sinadarin fosfet tun a bakin ƙofa, ya shiga ba fita.

Bakteriyar da ke tsinka nono ATP 2 kacal take samu daga gulukos ɗaya, duk da haka tana juya injin ATP ɗin da baya, ta kashe ATP tana fitar da furoton don kada tsamin da ta haifar ya halaka ta.

Inda abin ya shafi asibiti shi ne allurar gentamicin. Sai da wannan cajin take iya kutsawa cikin bakteriya. A cikin ƙurji mai mugunya iska ta yi ƙaranci, ga tsami, caji ya faɗi, magani ya tsaya a waje. Shi ya sa likita kan fara da tsaga ƙurjin. Maganin Bedaquiline kuma, na tarin fuka mai bijire wa magani, zoben injin yake tokarewa, ATP ya ƙare.

Da fatan za ku ƙara wannan a fitowa ta gaba. Na gode.

Naku,
Mai karatu daga Zariya