Godiya ga mai gidan kallon layinmu a Tudun Wada Zariya

Assalamu alaikum Alhaji. Na ce bari in yi godiyar nan a fili kowa ya gani, don abin da ka yi wa kurame da makafin unguwarmu ya wuce a gaisa a ce an gode.

Duk mai shiga gidan kallo ya san da an take wasa kashe fitila ake, to kurma da hannu yake magana, in an yi duhu an rufe masa baki kenan. Ƙanina kurma ne, shekara da shekaru yana biyan kuɗin shiga amma ko musu bai iya yi da abokansa sai an fito. Kai ne ka ware masu benci biyu ta gefen dama ka ja masu ƙaramin ƙwan fitila daga janareto, yanzu wallahi in ka ga yadda suke cacar Arsenal da Chelsea da hannu sai ka bar kallon ƙwallon ka koma kallonsu.

Sai su Baba makafi da ka ajiye wa rediyo da kujeru kusa da ƙofa don kar su yi ta karo da ƙafafun mutane, ranar da babu sharhin Hausa kuma yaron shagonka ya zauna yana gaya masu wa ke riƙe da ƙwallo, wa aka ba jan kati. Abin dariyar ma rediyo yana riga dish da 'yan daƙiƙu, sai ka ji makaho ya yi ihun an ci, mu masu ido muna nan baki sake.

Tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, amma har yau in an sa mai fassara da hannu a labarai, can ƙuryar allo ake matse shi kamar hoton fasfo. Fassarar finafinanmu ma da turanci ake rubutawa, wanda bai yi boko ba ko oho. Kai ba wanda ya aiko maka takarda, kuma ko sisi ba ka ƙara masu ba.

Roƙo ɗaya dan Allah, lokacin labarai a riƙa kunna masu babbar talabijin ɗin nan ta tsakiya, a ƙaramar hannun mai fassarar ba ya fita.

Allah ya ƙara kasuwa, ya jiƙan mahaifa.

Naka, wani ɗan layi.