Su wane ne kwamitin da ya yanke wa ɗana hukunci?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirinku na ranar Lahadi ya ɓata min rai, mai gabatarwa kuma ya ƙara min da ya bar maganar ta wuce ko tambaya ɗaya bai yi ba. Wai a Ingila in yaro yana da buƙata ta musamman, fom kawai uwa za ta cike, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin komai, kuma wai komai a fili ake yin sa. Har da 'yar dariyarsa. Ina kyautata zaton yawon buɗe ido ya zo ya koma. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ɗana shekararsa bakwai, likitoci sun tabbatar yana da lalurar otizim. Maganarsa ba ta da yawa. In aka kaɗa ƙararrawa ko yara suka kaure da hayaniya, sai ya shige ƙarƙashin tebur ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ba mai iya fito da shi sai ni. Kafin azahar waya ta yi ƙara, in bar aikina na kula da tsofaffi in je in ɗauko shi. Malamarsa, Allah ya saka mata da alheri, ita ta zaunar da ni ta ce makaranta ta kai ƙarshen ƙarfinta. A tsarinsu makaranta ce ke fara kashe har fam 6,000 a shekara daga kasafinta a kan yaro irin nawa, abin da ya haura sai ƙaramar hukuma ta ciko. Ta ce mu nemi takardar EHCP, wato tsarin ilimi da lafiya da kulawa na yaro, wadda dokar yara da iyali ta 2014 ta kawo, don duk taimakon da aka rubuta a cikinta ya zama dole a ba yaro.

Muka nemi a tantance shi. Doka ta ba jami'an ƙaramar hukuma mako 6 su ce e ko a'a. Da amsar ta zo, abin da ya shafi ɗana bai wuce layi uku ba: kwamiti ya zauna, ya ga makaranta za ta iya biyan buƙatarsa da abin da ke hannunta. Sauran wasiƙar duk bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara ne, kamar dama can suke so mu nufa.

Wane kwamiti? Su wa da wa? Akwai malami a cikinsu, ko masanin halayyar yara, ko kuwa masu riƙe da lissafin kuɗi ne? Ba wanda ya gayyace ni. Ba wanda ya taɓa ganin yaron da idonsa. Na kira jami'ar da sunanta ke ƙasan wasiƙar, ta ce ita ba ta zama a kwamitin, fayil kawai take kai musu. Na ce to ta haɗa ni da wanda ya zauna. Ta ce ba a haka.

Wata ma'aikaciya a ofishin ba iyaye shawara kyauta, wanda doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma samarwa, ita ta nuna min hanya: in rubuta in nemi duk bayanan da suke riƙe da su a kan ɗana a ƙarƙashin dokar kare bayanai, suna da wata ɗaya su amsa. Na rubuta. Abin da aka aiko min daga zaman kwamitin shafi guda ne. An shafe sunayen da baƙin layi, an yi maki a wani ɗan akwati, a ƙasa an sa jimla ɗaya. Rahoton mai koyar da magana da na yi ta zarya kafin in samu, ko ambatonsa ba a yi ba cikin takardun da aka ce an duba. An karanta shi? Wa zan tambaya, baƙin layi?

Abin da ya fi ƙona min rai ya faru ne a taron iyaye. Wata 'yar Somaliya da 'yarta ke da matsalar ji ta ciro tata wasiƙar daga jaka, muka jera su a kan tebur. Jimla ɗaya ce sak, sunan yaro kawai aka sauya. Yarinyar da ba ta ji da yaron da ƙara ke firgita shi, dalilin hana su ɗaya!

Kuma dokar nan ta 2014 ba ta tsananta ba. Abin da take nema kafin a tantance yaro shi ne a ga mai yiwuwa yana da buƙata ta musamman, kuma mai yiwuwa sai da wannan takarda za a biya masa ita. Shi ya sa in aka je kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, hukumomin kan sha ƙasa. A shekarar 2023 zuwa 2024 an shigar da ƙara kusan 21,000, kuma a cikin waɗanda aka yanke wa hukunci, kashi 99 cikin 100 iyaye ne suka yi nasara, ko gaba ɗaya ko a wani ɓangare. Baƙonku ya san wannan? Hukuncin da aka yanke a ɓoye, da zarar an kai shi gaban alƙalin da zai nemi hujja sai ya rushe. Su kuwa waɗanda aka amince a ba su takardar, mako 20 doka ta ce a kammala, amma a 2024 ko rabinsu ba su samu a kan lokaci ba.

Na san kuɗi ya yi musu ƙaranci. A farkon 2025 yara da matasa fiye da 638,000 ke da wannan takarda a Ingila, kuma tun 2021 gwamnati ta riƙa ƙulla yarjejeniya da ƙananan hukumomin da giɓi ya yi wa katutu, har guda 38, ta ba su kuɗi su kuma su rage kashewa. To in kuɗi ne babu, a fito a faɗa min babu kuɗi, in san da wa nake yi. Ƙumbiya-ƙumbiyar ce ba zan lamunta ba, a ce min makaranta za ta iya alhali makarantar da kanta ta rubuta cewa ba za ta iya ba. A sanar da uwa ranar zama, a bar ta ta yi magana ko ta minti biyar, a rubuta mata muƙamin kowane mai zama da takardun da aka karanta. Wannan nawa zai ci musu?

Ƙararmu tana gaban kotu, muna jiran rana. 'Yan'uwana mata da ke nan, wa'adin ɗaukaka ƙara wata biyu ne kacal daga ranar da ke jikin wasiƙar, kuma sai an tuntuɓi mai shiga tsakani an karɓi takardar shaidarsa kafin a shigar da ƙara. Kada wadda ta ajiye wasiƙar a kan firij tana jiran maigida ya samu hutu. Ku kuma, Malam, in za ku sake taɓo maganar nan, ku nemi uwa ko uban da abin ya ci, ga mu nan da yawa a Manchester da Birmingham da Landan.

Sai kuma kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar masu magana. Don Allah a rage shi. Mahaifiyata da ke zaune tare da mu kunnenta ya yi nauyi, rabin shirin sai na maimaita mata, ga shi kuna yanke saƙonnin masu sauraro a tsakiya don ku shiga labarin ƙwallo.

Na gode.

Mai sauraronku,
Wata uwa daga arewacin Ingila