Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Kishin Bukukuwan Gargajiya a Jos

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya maza da mata, da sauran 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar lafiya. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin gabatar muku da bayanin abin da aka yi da sunanku da kuma kuɗinku, da abin da aka yi niyya bai yiwu ba, domin ku auna da kanku kafin babban taro.

Zaman da muke yi wata-wata shi ne aikin da ya fi ɗorewa a bana, kuma kamar yadda kuka amince a taron bara, kowane zama an keɓe shi ga biki guda, ko wasu bukukuwa masu alaƙa, na ƙasashen Afirka. Mun buɗe da bikin kamun kifi na Argungu, inda ɗaya daga cikin iyayenmu, Bakabe da ya yi shekaru yana kasuwanci a nan Jos, ya tuna mana cewa bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, ziyarar da ta kawo ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Abin da ya fi jan hankalinmu a bayaninsa ba girman giwan ruwan da ake fitowa da shi ba ne. Ya ce masunta ba su shiga Matan Fada da homa da gora sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma ana barin wannan sashe na gulbin ya huta a sauran shekara, shi ya sa kifin yake samun sararin girma. Hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun da duniya ta gada a 2016. A zaman da ya biyo baya mun kwatanta shi da kamun kifi na gayya da ake yi a tafkin garin San na ƙasar Mali, wanda aka sa a jerin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa tun 2009, saboda ƙarancin ruwan sama da faɗaɗar gari sun ci tafkin, matasa kuma sun yi ƙaura.

Daga nan zancen ya koma kan makiyaya. Wata 'yar uwa da iyayenta suka fito daga Agadas ta ba mu labarin bikin lasar gishiri na Ingal a Jamhuriyar Nijar, wanda ake yi a watan Satumba idan damina ta ja baya, lokacin da Abzinawa da Fulani Woɗaaɓe suke kora raƙuma da shanu zuwa filayen da ƙasarsu da ruwansu ke da gishiri. Rawar Gerewol, wadda samari ke cin ado su jeru 'yan mata su zaɓa, ita ce masu ɗaukar hoto suka fi yayatawa, amma ta nuna mana cewa lafiyar dabba ce ta fara tara mutane a wurin, rawa da aure da sulhu suka biyo baya. Haka abin yake a Jafarabe ta Mali, inda ake bikin ƙetarar da shanu kogin Neja idan sun dawo daga kiwo mai nisa. Haka yake a Zambiya, inda bikin Kuomboka yake nufin fita daga ruwa, wato ƙaurar da Sarkin Lozi yake yi a babban jirgin ruwa daga Lealui zuwa tudun Limulunga idan kogin Zambezi ya yi ambaliya. A Jenne ta Mali kuwa, gari ne sukutum yake fita a rana ɗaya ya yi wa babban masallacinsa na ƙasa yaɓe, mata na ɗebo ruwa, samari na tsere da kwandunan laka, magina na hawa kan itatuwan da suka fito daga jikin bango; ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kuma ba don wannan yaɓe na shekara-shekara ba da ruwan sama ya daɗe da zaizaye shi.

'Yan uwanmu Kirista ne suka jagoranci zaman da aka yi kan Timkat na ƙasar Habasha, wanda ake yi a ranar 19 ga Janairu, ko 20 a shekara mai tsalle, domin tunawa da baftismar Yesu a kogin Urdun, kuma ya fi armashi a birnin Gondar. Zaman watan Rabi'ul Awwal kuma ya haɗa Damba ta Dagwambawan Gana, da Gani ta Nikki a Jamhuriyar Benin, da Sallar Gani ta Daura, waɗanda duk a wannan wata na maulidi ake yin su. An yi muhawara mai zafi a ranar kan iyakar addini da al'ada, ba a kuma cimma matsaya ba, sai dai an tashi cikin mutunci, wanda a wannan gari namu ba ƙaramin abu ba ne.

A ganina, abin da waɗannan zama suka koya mana shi ne kusan kowane biki yana da wani aiki a ƙarƙashinsa, ko su, ko kiwo, ko noma, ko gini, ko ibada, kuma idan aikin ya mutu bikin yakan zama kwalliya kawai ta masu kallo. Wannan fahimta ce ta sauya mana yadda muka yi ziyarce-ziyarcenmu.

Ziyara ta farko a ƙofar gida muka yi ta, wato Nzem Berom, bikin al'ummar Birom. Abin kunya ne a faɗa, amma da yawa daga cikinmu a Jos aka haife su, ba su taɓa tsayawa sun kalli wannan biki na maƙwabtanmu ba. Bikin ya tattaro tsofaffin bukukuwan ƙauyuka irin su Mandyeng, waɗanda ake yi gab da faɗuwar damina domin roƙon ruwa da albarkar gona. Mun tsaya a rumfar wata dattijuwa da ta baza acca a faifai, ta ɗebi 'yar kaɗan a tafin hannu ta nuna wa yaranmu ƙanƙantar ƙwayarta, sannan ta kwatanta musu da hannu yadda ake sussuka da sheƙa da wanke yashi kafin a kai ga tukunyar gwate. A gefe kuma wani makaɗi yana buga kundung, abin kiɗa na jeren itatuwa, da ƙahonin shanu rataye a ƙarƙashin itatuwan suna ƙara wa sautin zurfi. Da Hausa duk aka yi wannan hira, ba a nemi tafinta ba. Mun so mu je Pusdung na Angasawa a Pankshin, amma mai motar da muka yi ciniki da shi ya saɓa alkawari a daren tafiya, kuma kwamiti ya karɓi laifin rashin tanadin madadi.

A ƙaramar Sallah mun nufi Zariya. Da farko Kano muka yi niyya, musamman ganin cewa a Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano a jerinta, sai dai tun da rikicin sarauta ya sa aka dakatar da hawan fiye da sau ɗaya, kwamiti bai ga dacewar kwasar mutane a kan rashin tabbas ba. A Zazzau mun ga 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai, mun ji kakaki da tambari da algaita, mun kuma ga jafi a ƙofar fada. Amma ribar tafiyar a wani zaure muka same ta, wurin wani tsohon baduku mai kayan doki. Ya zauna a kan buzu da basilla a hannu, ya riƙa ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunansa, daga sirdi da jalala zuwa linzami da likkafa da ƙaimi, yana faɗin wanda ya dace da ɗan sarki da wanda ya dace da bara. Da muka tambaye shi magaji, sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ce 'ya'yansa duk sun kama wasu sana'o'i, kuma masu hawa da yawa yanzu kayan roba mai ƙyalli suke saye don arha. Da izininsa muka naɗi muryarsa, kuma wannan naɗi yana ajiye a ofishin ƙungiya ga duk mai son saurare.

Mun kuma kai ɗaliban sakandare gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, suka ga kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, wanda shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina asalinsa, aka haɗa musu bayanin da labarin yaɓen Jenne.

Dole in sanar da ku wata asara da har yanzu take ci mini rai. Mun yi doguwar hira da wata tsohuwa a nan cikin gari kan tashe da kalankuwa da wasannin dandali na ƙuruciyarta, har ta rera mana waƙoƙin da babu wanda ya taɓa jin su a cikinmu. Hirar tana cikin waya ɗaya tak, wayar ta lalace kafin a kwafe, kuma Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa bayan 'yan watanni. Allah ya jiƙanta da rahama. Sakacinmu ne, ni ne kuma na farko a cikin masu sakacin. Tafiyar Ingal da aka daɗe ana buri ita ma ba ta yiwu ba, saboda tsadar hanya da halin tsaro.

Ma'aji zai karanta cikakken lissafin kuɗi a babban taro. Abin da zan ce a nan shi ne kuɗin mota da masauki ne suka cinye mafi yawan abin da muka tara, alhali naɗar muryar baduku ba ta ci mana komai ba sai goro da ɗan alheri. Saboda haka kwamiti yana roƙon ku amince a rage tafiye-tafiye masu nisa zuwa ɗaya a shekara mai zuwa, a sayi na'urar naɗar murya da ma'ajiyar kwamfuta, a kuma kafa doka cewa duk hirar da aka yi a kwafe ta wuri biyu kafin rana ta faɗi. Muna kuma roƙon kowane memba ya zo taron da sunan dattijo ko dattijuwa guda a unguwarsu, makaɗi ne ko masunci ko magini ko mai sussukar acca, Bahaushe ne ko Birom ko Bajari ko Bafulatani, wanda zai yarda mu zauna a gabansa. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah su ga ma'aji kafin ranar.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa, Jos.